Baƙin fulogi a babur ɗin da aka yi wa aikin ƙarin gudu: ina matsalar take?

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne a duk garejin da ake gyaran babura, daga Kano har Maraɗi. Saurayi ya kai mashin ɗinsa an yi masa aikin ƙarin gudu. An sa kafireto mai faɗin baki, an huda salansa ko an sauya ta ɗungurungum, an cire akwatin iyakilina an maƙala wata 'yar ƙaramar matatar iska, wani ma har a faɗaɗa silinda a sa babban fistin. Makon farko mashin yana ta ruri, mai shi yana murna. Daga nan sai gardamar tashi ta fara, silo ya ƙi zama, in an murɗa totur ya yi ta tari kafin ya karɓa, baƙin hayaƙi yana fita ta baya, mai kuma yana ƙarewa tun ba a je ko'ina ba. A kwance fulogi a tarar da shi baƙi ƙirin. A ɗaura sabo, mashin ya tashi bugu ɗaya, kowa ya ce an gano bakin zaren. Bayan 'yan kwanaki sabon ma ya bi sahun tsohon.

A nan kuɗin mutane da yawa ke zurarewa, domin fulogi ba shi ya yi laifin ba. Abin da ke faruwa a cikin silinda ne yake fitowa a jikinsa. Wanda ya iya duba shi zai san inda zai nufa da sifanarsa, wanda bai iya ba kuwa zai yi ta sayen fulogi har ya gaji.

Injin fetur iska yake sha fiye da mai, nesa ba kusa ba. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone ƙurmus yana bukatar kusan kilo 14.7 na iska, wato lita guda ta mai tana neman iskar da ta kai lita 9,000 ko kusa da haka. Inji ya fi ba da ƙarfi idan man ya ɗan fi wannan ma'auni yawa, wajen kashi 12.5 zuwa 13 na iska a kan kashi 1 na mai, kuma daga nan ne masu aikin ƙarin gudu suka ɗauki ra'ayin cewa yawan mai shi ne ƙarfi. Gaskiya ce, amma tana da iyaka, kuma iyakar ba ta da nisa. Da zarar mai ya wuce abin da iskar da ke ciki za ta iya ƙonawa, ragowar ba ya ƙara komai sai baƙin toka. Duk matar da ta yi girki da risho ta san wannan: in lagwani ya yi tsawo, kananzir ya fi ƙarfin iska, wutar ta koma ja, gindin tukunya ya yi baƙi, abinci kuma bai fi saurin nuna ba.

Wannan baƙin tokar ita ke kashe fulogi, kuma yadda take kashe shi abin lura ne. Farin tangaran ɗin da ke kewaye da tsinken tsakiya aikinsa shi ne ya hana wuta bi ta ko'ina sai ta tsallake 'yar tazarar da ke baki, wadda a yawancin ƙananan babura ba ta wuce milimita 0.6 zuwa 0.7 ba. Baƙin toka kuwa yana ɗaukar lantarki. Idan ya lulluɓe tangaran, wutar da kwayil ya aiko sai ta sami hanya mai sauƙi, ta sulale ta jikin tokar zuwa ƙarfen inji ba tare da ta yi tartsatsi ba. An ƙera fulogi ne yadda zai wanke kansa, amma sai bakinsa ya kai zafin digiri 450 zuwa 500 a ma'aunin Salsiyas kafin tokar ta fara ƙonewa. Shi ya sa abu biyu ke haɗuwa su ɓata shi: toka ta yi yawa, ko kuma fulogi bai taɓa yin zafin da zai ƙone ta ba. Mashin ɗin da aka shirya don gudun titi, amma kullum yana cikin cunkoson Sabon Gari a giya ta biyu, yana fama da duka biyun.

Kafin a taɓa komai, a riƙe fulogin a fito da shi haske a dube shi da kyau, a shafa bakinsa a bayan hannu ko a farar takarda, a kuma sansana. In baƙin busasshe ne, mai laushi, yana barin gari a takarda, to toka ce: ko mai ya yi yawa, ko wuta ta yi rauni, ko fulogin ya yi wa injin sanyi. In baƙin yana ƙyalli, yana da danƙo, ya bar maiƙo a takardar, baƙin mai ne ke hawowa, kuma maganar ta bar kafireto ta koma kan ringi, ko robar bawul, ko silindar da ba a gyara daidai da fistin ba. Hayaƙin ma yana rarrabewa, na yawan fetur baƙi ne mai yaji a ido, na baƙin mai kuwa shuɗi-shuɗi ne. In fulogin jiƙe yake sharkaf yana warin ɗanyen fetur, mai yana shiga amma ba ya kamawa. Lafiyayyen fulogi tangaransa ruwan ƙasa ne mai haske, ko toka-toka. Wanda ya yi fari fat, har da 'yan ƙuraje a jiki, shi ne abin tsoro na gaske, zan dawo kansa.

Na ga kanikawa da dama suna tsallake wannan mataki, kuma ina ganin nan ne babban kuskuren. Mashin ɗin da ke shan baƙin mai, ko jet nawa aka sauya masa (ɗan ƙarfen nan mai rami da ke auna man da ke wucewa a cikin kafireto), fulogi zai ci gaba da ɓaci.

To me ya sa babur ɗin da aka yi wa aiki ya fi faɗawa wannan hali? Kamfanin da ya ƙera Boxer ko Haojue ya auna kafireto, akwatin iska, kam (sandar da ke buɗe bawul) da salansa a tare, kowanne an saita shi da la'akari da sauran. In an buɗe hanyar iska da ta hayaƙi, galibi inji yana bukatar ƙarin mai, wannan daidai ne. Matsalar ita ce yadda ake ƙarawa. Wani bakanike zai ɗauko jet mafi girma da ya samu a akwatinsa, wani ma ya sa tsinken waya ko ƙaramin abin huda ya faɗaɗa ramin da ido. Ramin jet kuwa abu ne da ake aunawa da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, kuma faɗaɗa shi kaɗan yana ƙara mai da yawa, don yawan man da ke wucewa yana bin faɗin bakin ramin ne gaba ɗaya. In faɗin rami ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, filin da mai ke bi ya ƙaru da kusan kashi 21. Ga kuma rikicin lamba: kamfanonin kafireto na Keihin da Mikuni ba tsari ɗaya suke bi wajen sa wa jet lamba ba, 100 na wannan ba 100 na wancan ba ne, su kuma jet ɗin da ke zuwa cikin kwafin kafireto na kasuwa sau da yawa lambar da ke jikinsu ba ta dace da ramin ba.

Babban kafireto yana da tasa matsalar da mutane ba su cika tsammani ba. Gudun iska a maƙogwaron kafireto shi ke zuƙo mai ya kuma farfasa shi ya zama feshi. In maƙogwaron ya yi wa injin faɗi, iska tana tafiya a hankali a ƙaramar wuta, man ba ya farfashewa, yana shiga silinda a ɗige-ɗige. Inji sai ya riƙa shaƙewa in an murɗa totur, bakanike ya ɗauka mai ne bai isa ba, ya ƙara. Yanzu ga mai da yawa, ga shi ba ya ƙonewa da kyau. Haka ma kam na tsere, wanda ke barin bawul a buɗe na tsawon lokaci: a ƙaramin gudu wani ɓangare na iskar da ta shiga yana dawowa baya ta cikin kafireto, ya sake ɗaukar mai, sannan a sake zuƙe shi ya ɗauki wani. Wanda ya cire matatar iska ya duba bakin kafireton irin wannan mashin yana aiki zai iya ganin wani ɗan hazon mai yana tsaye a bakin. Irin wannan inji yana iya zama daidai a babbar wuta, amma ya riƙa haɗiyar mai a cikin gari.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi so mai babur ya riƙe. Kafireto ba hanya ɗaya yake ba da mai ba, kuma kowace hanya tana da wurin da take mulki a murɗin totur. Daga silo zuwa kusan kwata, ƙaramin jet ne da sukurun da ke gefensa. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce da ramin da take shiga. Daga nan zuwa ƙarshe babban jet ne. Suna ɗan shiga hurumin juna, amma a taƙaice haka abin yake. Mai yawon cikin gari da wuya ya wuce rabin totur, ma'ana babban jet ɗin da kowa ke saurin zargi sau da yawa ba shi da hannu a baƙin fuloginsa. A liƙa ɗan salatif a hannun totur, a yi masa alama huɗu da biro, a hau a lura a wace alama mashin ke tari. Wannan ɗan aikin yana rage rabin wahala.

In a ƙasa matsalar take, a duba sukurun, amma a fara sanin wane iri ne. Wanda yake ɓangaren matatar iska sukurun iska ne, kwance shi yana rage mai. Wanda yake ɓangaren inji sukurun mai ne, kwance shi yana ƙara mai. Mutane da yawa suna juya shi ta inda ba daidai ba saboda rashin sanin wannan. A bar inji ya yi zafi sosai, a riƙa juya sukurun kwata-kwata har a sami wurin da silo ya fi ɗagawa ya kuma daidaita. In sai an kwance sukurun iska fiye da zagaye uku kafin a sami wurin, ƙaramin jet ya yi girma, a sauko da shi. In a tsakiya take, allura tana da 'yan tsagogi a samanta da wani ɗan maƙalli: in an mayar da maƙallin tsagin sama, allura ta sauka, mai ya ragu. A tsohon kafireto a duba allurar da raminta, domin girgizar shekaru tana cinye su, ramin ya koma kamar ƙwai maimakon da'ira, kuma babu saitin da zai gyara wannan sai sauyi.

Amma tun kafin a kai ga jet akwai abubuwa masu arha da suka fi yawan jawo matsalar. Matatar iska ita ce ta farko, musamman a ƙasarmu. Ƙurar hunturu tana toshe ta cikin ɗan lokaci, kuma 'yan ƙananan matatun nan da ake maƙalawa a fili sun fi saurin cika tunda babu akwatin da ke kare su. Ta soso kuma in an cika mata mai wajen wanki, ita ma tana shaƙe inji. A cire ta na ɗan lokaci a wuri mara ƙura a ji: in mashin ya warware nan take, an san mai ne ya fi iska. Sai cok, wanda wayarsa kan maƙale ya zauna rabi a buɗe ba a sani ba. Sai fulot, abin nan da ke yawo a saman mai a cikin kwanon kafireto yana rufe hanya in ya cika. In ya huje, ko an lanƙwasa harshensa, ko ɗan datti ya tsaya a bakin allurarsa, mai zai hau sama da inda ya kamata, kuma duk hanyoyin nan uku za su riƙa ba da mai fiye da kima a lokaci guda. Man galan na 'yan bumburutu yana yawan kawo irin wannan datti. Alamarsa ita ce ɗigar mai ta ƙaramin tiyon da ke ƙarƙashin kafireto in mashin yana tsaye. Ana iya sa tiyo mai haske a mafitar kwanon, a lanƙwasa shi sama a gefen kafireto, a kwance sukurun ƙasa, a ga daidai inda man ya tsaya. A yawancin kafireto kusa da mahaɗar kwano da jiki yake tsayawa.

Akwai alamar da ba ta bukatar sifana ko kaɗan. Mashin ɗin da ke tashi da sanyin asubar Janairu ba tare da cok ba, ya yi daɗi yana sanyi, sannan ya lalace in ya yi zafi, mai ya yi masa yawa. Wanda mai bai ishe shi ba akasin haka yake yi.

Yanayi ma yana da nasa rabo, domin kafireto bai san nauyin iskar da ke wucewa ba. Iska mai zafi ta fi sauƙi: tsakanin digiri 15 da digiri 40 nauyinta yana raguwa da kusan kashi 8 cikin 100. Saitin da aka yi a tsakiyar hunturu zai koma mai yawan mai a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri. Tudu ma haka. Jos tana kan tsayin mita 1,200 ko kusa da haka, iskar can ta fi ta Legas sauƙi da fiye da kashi 10 cikin 100, don haka mashin ɗin da aka saita a bakin teku zai riƙa baƙanta fulogi a can. Babur ɗin kamfani yana jure wannan tunda an bar masa sarari. Wanda aka riga aka cika wa mai ba shi da sauran sarari.

Sai kuma abin da ke yaudarar har ƙwararru: baƙin fulogi ba tare da kafireto ya yi laifi ba. In wuta ba ta da ƙarfi, wani bugun zai kama wani ya wuce, man da bai ƙone ba ya bar toka, sai a rantse jet ne. Gwajin da aka saba, na jingina fulogi a jikin inji a buga kik a ga tartsatsi, ba ya wadatarwa, don wutar da ke tsallake tazara a fili tana iya kasawa a cikin silinda inda iska take a matse, balle a injin da aka ƙara wa matsi. A duba hular fulogi, wadda yawanci akwai ɗan abin rage wuta mai ohm 5,000 a cikinta da kan lalace, a duba kwayil, da wayar da ke haɗa shi da jikin babur, da akwatin CDI mai tsara lokacin tartsatsi, musamman irin na tsere mai arha da ake sawa lokacin aikin. Bawul ɗin da aka ɗaure da yawa, ko ringin da ya gaji, suna rage matsi, wutar ciki ta yi sanyi, sakamakon dai ɗaya ne. Jabun fulogi kuma ya cika kasuwa.

Game da lambar fulogi, akwai wata dabara da nake ganin tana da haɗari. Kowane fulogi yana da lambar da ke nuna saurin fitar da zafinsa. A tsarin NGK da Denso, babbar lamba ita ce mai sanyi, C7HSA ya fi C6HSA sanyi. A tsarin Champion da Bosch akasin haka ne. Masu aikin ƙarin gudu kan sa mai sanyi don kare inji a babbar wuta, wanda daidai ne ga mai tsere, amma a cikin gari ba ya kai zafin wanke kansa. Komawa lambar da kamfani ya rubuta gyara ne. Abin da ba gyara ba shi ne a sa wanda ya fi na kamfani zafi don a ɓoye yawan mai. Fulogin zai yi fes, amma ranar da aka hau titin Zariya aka buɗe wuta, bakinsa yana iya wuce digiri 850, ya riƙa kunna mai tun kafin lokacin tartsatsi, kuma wannan yana huda fistin.

Masu injin bugu biyu, irin su AX100 na Suzuki da na Jincheng, nasu ya ɗan bambanta tunda dama man shafawa yana ƙonewa tare da fetur. Famfon man da aka saita da yawa, ko a zuba man shafawa a tankin fetur alhali famfon yana aiki, ko a yi amfani da baƙin man mota maimakon na bugu biyu, ko salansar da ta toshe da daskararren mai, kowanne yana jiƙa fulogi.

Sababbin babura masu feshin mai na kwamfuta suna ƙaruwa, musamman tun da Indiya ta tsaurara dokar hayaƙi a Afrilun 2020, kamfanoninta suka koma wannan tsari a yawancin baburan da suke sayarwa a gida. A nan babu jet, kwamfuta ce ke yanke yawan mai bisa abin da na'urorin aunawa suka faɗa mata. In mai auna zafin inji ya lalace yana cewa inji da sanyi, za ta yi ta ƙara mai kamar an bar cok a ja. In salansar da aka sauya tana yoyo a gaban mai auna iskar oksijin, iskar waje za ta shiga, na'urar ta ce mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara. In kuma an loda mata saitin da aka yi don wani inji daban, ko an sa akwatin sauya yawan mai irin Power Commander ba a saita shi a kan wannan mashin ba, to tushen ke nan. Irin wannan sai da na'urar karanta kwamfutar, ba aikin kunne ba ne.

Idan an kawar da duk waɗannan, aka tabbatar saitin jet ne, a riƙa sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, mataki ɗaya, a hau a gwada, a rubuta abin da aka yi. A yi gwajin da sabon fulogi bayan inji ya yi zafi. A sami hanya mara cunkoso, a riƙe totur a alamar da ake zargi na ɗan lokaci, sannan a kama kuloc a kashe inji a lokaci guda, a gangara a tsaya, a jira ya ɗan huce a kwance a duba. In an bar shi ya yi silo ko na minti ɗaya kafin a kashe, abin da za a gani labarin ƙaramin jet ne kawai. Kuma a leƙa can cikin gindin tangaran da tocila, don a nan zoben toka yake nuna gaskiyar babban jet.

A sauko a hankali. Tun da aka cire tallafin mai a Nijeriya a Mayun 2023, masu babura da yawa ke roƙon bakanike ya rage musu shan mai, wasu kuma ana matse musu fiye da kima. Yawan mai yana ɓata fulogi, ƙarancinsa kuwa inji yake ci, musamman injin da iska ce kaɗai ke sanyaya shi a zafin ƙasarmu. Farin fulogi mai ƙuraje, ƙarar ƙyas-ƙyas in an ɗauki kaya ko an hau tudu, silon da ke daɗewa a sama kafin ya sauko, duk suna cewa an wuce gona da iri, a koma mataki ɗaya baya.

Mashin ɗin da ya daɗe yana haɗiyar mai yana bukatar a zare sandar gwajin baƙin mai a sansana. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka baƙin man, wani lokaci har a ga ya ƙaru maimakon ya ragu. In yana warin fetur a juye shi a zuba sabo ko da lokacin sabis bai yi ba, a kuma saba rufe makunnin tanki in za a ajiye babur ya kwana. Duk wannan gwaje-gwajen a yi su a fili. Injin da mai ya yi wa yawa yana fitar da iskar kabon monoksaid mai yawa, irin wadda ke kashe mutane a hayaƙin janareta, ba ta da wari ba ta da launi, kuma zaure ko shagon da aka rufe ƙofarsa saboda sanyi ba wurin ɗumama babur ba ne.